Mudun Baba Ma'auni

"Kada ka danna! Wa ya ce maka ana danna shinkafa? Zuba kawai, ka bar ta ta zauna da kanta."

Tela ya ɗago kai daga buhun da ya durƙusa a gabansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya dubi tsohon da ke zaune a bakin ɗakinsa, a kan wata 'yar kujera da aka tallafe ƙafarta ɗaya da bulo.

"Baba, so nake ya cika sosai. Zakka ce fa."

"Zakkar ce ta ce a zalunci mudu? Cika, ka shafe baki, ka juye. Huɗu kowane kai. Ku nawa ne ma a ɗakin nan naku?"

"Mu biyar. Ni da ita da yara uku."

"Ashirin ke nan. Ka ƙirga da ƙarfi ina ji, don na san lissafin tela. Yadi biyar a hannunku yadi huɗu ne."

Matar Tela da ke wanke-wanke a gindin famfo ta yi dariya. Tela ma ya yi, duk da bakinsa a bushe yake. Ranar ashirin da bakwai ga azumi ce, bayan la'asar, rana ta karkata ta bar rabin tsakar gidan a inuwa. Gidan haya ne mai ɗakuna takwas, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu da ake faɗa a kansu kullum.

Baba Ma'auni shi ne mafi daɗewa a gidan. Shekara arba'in ya yi yana awon hatsi a kasuwa, har gwiwa ta ƙi, ido ya bi bayanta, rumfar ta koma hannun wani. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana aikin ofis a wani gari mai nisa, yana bugo waya in ya tuna. Abin da kasuwa ta bar wa tsohon shi ne wani ɗan mudun ƙarfe wanda hannu ya goge har yana sheƙi. Yana cewa mudun Annabi ne daidai wa daida, malamai uku suka gwada shi a gabansa. Shi ya sa duk ƙarshen azumi mudun nan ba ya kwana a gida. Daga wannan ɗaki zuwa wancan, daga wannan layi zuwa na baya, kowa da shi yake auna zakkar fidda kai.

Kuma kowa ya auna, sai ya ɗauki kayansa ya wuce ta gaban ƙofar tsohon. Direba, ɗaya daga cikin 'yan hayar, yana aika tasa ƙauye. Mai shago yana kai wa surukansa, waɗanda ba su rasa komai ba sai godiya. Mai gidan hayar kuwa mota ce ke zuwa ta kwashi buhunansa zuwa wani taro da ake rabo ana ɗaukar hoto. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Mudu ya dawo wa mai shi fayau, da "Allah Ya saka da alheri, Baba" a cikinsa.

Ba mugunta ba ce ta hana a tuna da shi, ko kuma ba mugunta kaɗai ba. Kowa ya san Baba Ma'auni mai bayarwa ne. Duk safiyar sallah ana ganinsa da ƙullinsa a hannu, yana dogara sanda zuwa ɗakin Mai wanki, wata bazawara da ke can ƙuryar gidan da marayu huɗu. Wanda ake gani yana bayarwa, wa zai kawo a ransa cewa shi ma mabuƙaci ne?

"Sha tara. Ashirin," in ji Tela, ya ɗaure bakin ƙaramin buhun. "Baba, kai fa? In auna maka taka?"

"Ni? Yaro, tawa tana can a rataye tun shekaranjiya. Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa fashi ba, sai yanzu da na ga ƙofar kabari zan fara?"

Tela ya miƙa masa mudun. Hannun tsohon ya yi rawa wajen karɓa har ƙarfen ya bugi ƙafar kujera. Tela ya gani, ya ce a ransa tsufa ne.

Da suka shiga ɗaki, matarsa ta saki labule ta rage murya.

"Baban yara, shinkafar nan Baba za ka kai wa."

"Wane Baba?"

"Baba nawa ne a gidan nan? Yau kwana huɗu ban ga hayaƙi a murhunsa ba. Ni nake share wurin, tokar da na gani ranar Litinin ita ce har yau."

"Ai kina kai masa abin buɗa-baki."

"Ina kaiwa, yana dawowa. Ya ɗauki dabino ɗaya, ya ce a ba yara sauran, wai ya ƙoshi. Jiya da na matsa masa har ransa ya ɓaci. Ya ce, 'Yata, ni da na ciyar da rabin unguwar nan da awo, ban zama abin sadaka ba tukuna.' Ga likita ya hana shi azumi, ya ba shi ƙwayoyin da sai an ci abinci ake sha. Ya ce shi da likita wa ya girmi wani. Azumin da ba sahur ba buɗa-baki, azumi ne ko yunwa?"

Tela ya zauna a bakin gado yana sosa ƙeya. "Mutumin da ya ƙi kwanon abinci, shi zai karɓi buhu?"

"Zai karɓa. Ba shi ne kullum yake cewa zakka ba kyauta ba ce, haƙƙi ce, wanda ya cancanta ya ƙi karɓa ya cuci mai bayarwa? Da bakinsa za mu kama shi. Ɗauki ka kai masa yanzu, ni zan dafa masa a cikin tukunyarsa, a kan murhunsa, ya ci abinsa ba na kowa ba."

"Yanzu? Ke, yau ashirin da bakwai. Liman ya ce kwana ɗaya ko biyu kafin sallah. In na bayar yau ba ta zama zakka ba, sai na sake wata. Kuma kin ji da kunnenki ya ce tasa tana rataye. Mai abin fitarwa ai bai rasa na ci ba."

Sai ta ce, "To gobe."

"Gobe, in Allah Ya kai mu."

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san goben tela. Amma a yi masa adalci, wannan karon ba lalaci ba ne, wani ciwo ne yake ɗauke da shi tun bara. Bara ɗinki ya sha kansa, bai tuna da zakka ba sai da aka sauko daga idi. Da ya tambayi Liman a gaban mutane, Liman ya ce masa jirgi ya riga ya tashi, ya dai bayar, amma ladan lokaci ya wuce shi. Aka yi masa dariya, har Direba yana kiransa mai zakkar bayan idi wata guda cur. Tun ranar ya rantse bana sai ya dace da lokacin da ya fi kowane falala, wato bayan sallar asuba ranar sallah, kafin a fita idi. Ba kwana biyu kafin nan ba, ba kwana ɗaya ba. Ladansa yake so cikakke, wanda aka cika aka shafe baki.

Kashegari shagonsa ya zama filin daga. Mata uku a tsaye a kansa, kowacce tana rantsuwa tun kafin azumi ta kawo nata. Keke yana kuka, almakashi ya ɓace sau biyu a ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Da azahar ya leƙo gida don ya watsa ruwa, ya tarar da Baba Ma'auni a inda ya bar shi jiya, da wata farar riga a ninke a cinyarsa.

"Tela, zo ka ga. Aljihun nan ya yage, ita zan sa ranar idi. Aikinka ce ma, ka tuna?"

Ya tuna. Shekara uku da suka wuce ya ɗinka ta, har yanzu yana riƙe da awon a ka. Ya ɗaga rigar, ya dubi kafaɗun tsohon, ya ga yanzu mutum biyu irinsa za su shiga ciki su yi sallah. Ɗakinsa taku shida ne daga nan, buhun yana bayan ƙofa. Ya buɗe baki, sai ya tuna da dariyar Direba.

"Gobe za ka same ta, Baba."

"Goben tela ta fi shekara tsawo," in ji tsohon, yana murmushi. Sai ya ƙara da cewa, a hankali, "Na ga shinkafar taka tana nan ba ka fitar ba. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka sa katako a ƙarƙashi. Sanyin siminti yana ɓata tsaba."

Tela ya shiga ya sa katako a ƙarƙashin buhun, kamar yadda aka ce masa. Matarsa tana tsaye tana kallo, hannu a ƙugu.

"Yau ashirin da takwas. Ko ita ma Liman ya hana?"

"Ya halatta, ban musa ba. Amma safiyar sallah ta fi lada. Kwana ɗaya ne ko biyu, me zai faru?"

"Kai kana neman lada mai tozo, mutum yana can cikinsa ya manne da bayansa."

"Ke, ni fa ba na son wa'azi da tsakar rana. Mutumin da ya yi shekara saba'in da wani abu, kwana biyu ne za su gagare shi?"

Ya ɗauki rigar ya fita. Da yamma ta sake kai kwano, ya sake dawowa, an ɗauki dabino ɗaya.

Ranar ashirin da tara, ana kiran azahar, Tela yana kan keke ya ga matarsa a ƙofar shago, mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Ba ta taɓa zuwa shagon a haka ba. Ƙafarsa ta tsaya a kan keken da kanta.

"Direba ya zo mayar wa Baba da mudu, ya yi ta sallama shiru. Muka tura ƙofar." Sai ta ƙara da cewa, "Ka taso."

Baba Ma'auni yana kwance a kan tabarma ta gefen dama, fuskarsa a alƙibla, carbi a hannu, kamar wanda ya gyara kansa don kada ya wahalar da kowa. Jikin ya riga ya yi sanyi. Mata suka fara salati a tsakar gida. Tela ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ɗakin da yake wucewa ta ƙofarsa sau goma a rana, amma rabonsa da shiga ya fi shekara.

Ba komai a ciki da zai ɓoye wani abu. Tukunya a kife, ƙura ta hau bayanta. Gwangwanin ganyen shayi a buɗe, ko gari babu. A kan taga ga takardar magani, ƙwayoyin suna nan a jere ba a ɓalle ba sai 'yan kaɗan, a jiki an rubuta da biro, bayan cin abinci. Rediyon da yake saurara kullum da safe babu ita, sai shatinta a kan ƙurar teburi. Can sama kuma, a jikin wata ƙusa, an rataye ƙulli a cikin farin ƙyalle, nesa da ɓera, nesa da sanyin ƙasa. Tela bai buƙaci ya kwance ba. Ya tallafe shi da tafin hannu ya ji nauyinsa. Mudu huɗu ne, ba ƙari ba ragi.

A nan ya gane inda rediyon ta tafi, ita aka sayar aka sayi shinkafar nan. A nan kuma ya gane cewa tsohon ya kwana, ya wuni, ya sake kwana yana kallon shinkafa a saman kansa, bai taɓa ta ba, don a wurinsa ta riga ta zama ta marayu.

Shi aka ba ɗinkin likkafani, don shi ne telan gida. Ya ture kayan sallar mutane gefe, ya yanka farin yadi, ba tare da ya auna ba. Shi kuma ya riƙe buta wajen wanka. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Abin da babbar riga ta yi wata da watanni tana rufewa ya fito fili, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Liman ya kau da kai. Mai shago ya ce, "Oh, tsufa ke nan," da sauri, kamar mai tsoron kada wani ya riga shi faɗin wata kalmar daban.

Bayan la'asar aka kai shi. Jama'a ba laifi, amma rabin su suna zuba ƙasa suna satar kallon rana, kowa da sauran sayayyar da bai gama ba. Da magariba aka ce an ga wata. Yara suka cika layi da ihu.

Ɗan Baba ya iso da asuba, a mota, cikin shadda mai maiƙo da ƙamshin turare. Ya yi kuka a bakin ƙofa, kuka na gaske, yana cewa bai san jikin ya yi tsanani haka ba, duk sanda ya bugo Baba cewa yake lafiya lau. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Bayan an sauko daga masallaci aka tsaya a tsakar gida, shi da Liman da mazan gidan. Mai wanki tana rakuɓe a jikin bango, ta zo gaisuwa, idonta jajir.

Tela ya shiga ɗakin ya sauko da ƙullin, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Malam, wannan zakkar Baba ce. Ya auna ta da kansa. Ga mai ita can, ita yake ba duk shekara. A miƙa mata kafin a fita idi."

Liman ya gyara murya. Mutum ne mai tsoron faɗin abin da ba haka ba. "Yaushe ya cika?"

"Kafin azahar."

"To ai zakka ba ta hau kansa ba. Sai wanda rana ta faɗi daren sallah yana da rai. Kai, ko da yana raye ma, wanda ke cikin hali irin nasa ba ta wajaba a kansa ba, shi ya kamata a ba. Yanzu wannan ta zama gado, ga mai ita nan. In ya ga dama ya yi sadaka da ita, Allah Ya kai ladan kabari."

Duk aka juya ga ɗan Baba. Ya dubi ƙullin kamar bai san me ake yi da irinsa ba.

"Sadaka, e, haka ne. Ai yau za a yi ta baƙi masu gaisuwa, abokan aikina ma suna hanya. Ga buhu biyu can a mota na zo da su. A haɗa da wannan a dafa wa jama'a, kowa ya ci albarkacin Baba."

"Ranka ya daɗe," in ji Tela, "mudu huɗu ne fa. Ba za su ƙara komai a buhu biyu ba. Ka san abin da ya..."

"Malam Tela, na gode da ɗawainiya, Allah Ya bar zumunci. Amma mahaifina ne."

Direba yana duba agogo. Wata mata ta karɓi ƙullin daga hannun Tela, ta kwance, ta juye a cikin babbar roba tare da sauran. Ko ƙara bai yi ba.

Tela ya shiga ɗakinsa. Buhun yana bayan ƙofa, a kan katako, a bushe sarai, sanyi bai taɓa shi ba. Ya ɗauka a kafaɗa, ya ratsa tsakar gida, ya wuce ƙofar tsohon, ya dire shi a gaban Mai wanki. Ta durƙusa tana godiya tana kuka, shi kuwa ya kasa kallon fuskarta.

Liman ya dafa kafaɗarsa. "Madalla, Tela. Ka ga bana ka dace. Bayan asuba, kafin idi, babu lokacin da ya fi wannan."

Matarsa tana bakin famfo da bokiti a hannu. Ta ji. Ta dube shi sau ɗaya kawai, ta ci gaba da tarar ruwa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Bai taɓa jin ya tsani wani abu a duniya kamar yadda ya tsani wannan madallar ba.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Murhun Baba Ma'auni, wanda ya yi kwana bakwai ba wuta, yau har da ƙarin duwatsu aka yi masa don ya ɗauki babbar tukunya. Hayaƙi ya turnuƙe gidan. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa cikin sababbin kaya, da yawa ɗinkin Tela ne, suna cewa Allah Ya jiƙan Baba, mutumin kirki, bai taɓa roƙon kowa komai ba. Mai gidan haya ma ya aiko da katan ɗin lemo. Direba ya ci faranti biyu, ya ce shinkafar ta yi daɗi.

Aka ajiye wa Tela nasa farantin a gabansa. Ya zauna yana kallon tururin har ya daina tashi. Sannan ya miƙe, ya shiga cikin gida, ya ɗauko farar rigar daga inda ya rataye ta. Aljihun yana nan a yage. Ya zauna a kan 'yar kujerar nan mai bulo, a bakin ƙofar da aka riga aka sa wa kwaɗo, ya zura zare a allura.

Mudun yana gefen dokin ƙofa, inda Direba ya ajiye shi jiya, ba wanda ya tuna ya ɗauke. Ƙwayar shinkafa uku ta maƙale a gindinsa. Wata kaza ta zo ta leƙa ciki, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ƙarfen yana ɗan ƙara duk sanda bakinta ya taɓa shi.